Gyaran asibiti ana tsaka da jinya: yadda ƙura, gobara da shingen wucin gadi suka sarƙe da juna

Shin ya dace a riƙa fasa bango, ana sauke tsohon silin, ana walda a hawa ɗaya na bene, alhali marasa lafiya suna kwance a hawan da ke ƙasa? Wannan tambaya ta yawaita a bakin jama'ar Kumasi a ƙasar Ghana tun daga watan Nuwamban 2023, lokacin da Sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu na Biyu, ya ƙaddamar da gidauniyar tara dala miliyan 10 domin gyara tsofaffin benayen asibitin koyarwa na Komfo Anokye da ke Bantama, wanda kowa ya fi sani da asibitin Gee. A Aboabo da Asawase da Sabon Zango, mutum zai ji ra'ayi iri biyu. Wasu suna ganin kamata ya yi a kwashe kowa, a rufe ginin, a gama aiki sannan a dawo da gadaje. Wasu kuma ƙorafinsu shi ne tsauraran matakan da ake ɗauka sun yi yawa: an toshe hanyar da suka saba bi, an kafa shinge, an rage masu dubiya, aikin kuma yana tafiyar hawainiya.

Duka ɓangarorin biyu suna kallon shingen da ake kafawa tsakanin magina da marasa lafiya a matsayin labule kawai, wanda ake sakawa don kada a ga tarkace. A haƙiƙa wannan shinge yana ɗauke da nauyi biyu masu cin karo da juna, domin ana so ya toshe kowace kafa saboda ƙura, ana kuma so kada ya tare hanyar tsira ko ya zama makamashi idan wuta ta tashi. Bayanin da ke tafe bai keɓanta da asibiti ɗaya ba. Ya shafi duk wani asibiti na gwamnati ko na kuɗi da ake gyarawa ana ci gaba da kwantar da mutane a cikinsa.

Abin da ya sa ba a rufe asibiti gaba ɗaya

An gina benayen Gee ne a tsakiyar shekarun 1950, sunan ma ya samo asali daga kamfanin da ya yi kwangilar, wato Gee, Walker & Slater. Asibitin ya zama na koyarwa a 1975, yana da gadaje kimanin 1,200, kuma nan ake turo marasa lafiyar da suka fi ƙarfin ƙananan asibitoci daga yankin Ashanti da maƙwabtansa har zuwa arewacin ƙasar. Wanda ya ce a rufe irin wannan wuri na shekara guda, sai ya fara faɗar inda za a kai mutum dubu da ɗoriya. Ƙasar da a 2018 ta yi ta muhawara kan yadda ake mayar da marasa lafiya daga ƙofar asibiti da hujjar babu gado, ba ta da rarar gadajen da za ta yi wannan alfarma.

Gina sabo a wani fili ma ba ya warware matsalar nan take. Benen mata masu haihuwa da yara da aka fara a harabar Gee a 1976 ya shafe sama da shekara 40 ba a kammala ba, daga baya aka rushe shi bayan injiniyoyi sun gano ƙarfinsa ya tafi. Shirin gwamnati na gina asibitoci, Agenda 111, da aka ƙaddamar a 2021 ya sa ido ne kan sababbin asibitocin gundumomi da na yankuna, bai ɗauke wa tsofaffin manyan asibitoci nauyin da ke kansu ba. Don haka gyara kashi-kashi, ana yi ana jinya, shi ne abin da zai ci gaba da faruwa a Gee da asibitin Korle Bu na Accra, wanda aka buɗe tun 1923, da sauran takwarorinsu. Tambayar da ta rage ita ce yadda za a yi shi ba tare da an ƙara wa mai ciwo wani ciwon ba.

Ƙurar gini da cutar da ke tafiya a cikinta

Mutumin da ya saba da hazon hunturu kowace Disamba da Janairu zai iya cewa ƙura ba wani abu ba ce, iyakarta mura da kaushi. Ga mai lafiya maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Amma ƙurar da ke tashi idan aka ɓalle silin da ya shekara 60 yana shan yoyon ruwan sama, ko aka fasa bangon da rima ta ci, ko aka tona ƙasa domin aza harsashi, tana ɗauke da irin fumfuna, musamman wadda likitoci ke kira Asfajilus. Girman ƙwayar irin nata bai wuce maikiron 2 zuwa 3 ba, alhali kaurin silin gashin mutum yana kai wa wajen maikiron 70. Saboda wannan ƙanƙanta ido ba ya ganinta, tana iya daɗewa tana yawo a iska, tana bin ƙarƙashin ƙofa da ramukan wayoyi da bututun na'urar sanyaya ɗaki, kuma idan aka shaƙe ta takan isa can ƙarshen huhu.

Kowannenmu yana shaƙar wannan iri kullum, garkuwar jikinsa tana kawar da shi bai ma sani ba. Wanda abin ke kayarwa shi ne wanda garkuwarsa ta faɗi: mai shan maganin ciwon daji, musamman sankarar jini, da wanda aka yi wa dashen ƙoda, da mai ƙanjamau da ya yi nisa, da bakwaini a cikin kwalba, da wanda wuta ta ƙona fatarsa ta buɗe, da wanda ke kwance a sashen kulawa ta musamman na'ura tana taya shi numfashi. Haka nan wanda tarin tibi ya bar wa kogo a huhu, fumfunar takan samu wurin zama a cikin kogon. Nazarin da masana suka yi kan ɓarkewar wannan cuta a asibitocin duniya ya nuna cewa kusan rabinsu suna da alaƙa da aikin gini ko gyara da ake yi a cikin asibitin ko kusa da shi, kuma a cikin masu raunin garkuwa sosai cutar tana kashe kaso mai yawa na waɗanda ta kama.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne cutar ba ta bayyana ranar da aka shaƙi ƙurar. Sai bayan kwanaki ko makonni zazzaɓi ya taso wanda ba ya jin maganin ƙwayoyin cuta da aka saba bayarwa, ga tari, ga ciwon ƙirji, wani lokaci har da kakin jini, alamun da ke kama da na tarin tibi. Gwajin tabbatar da ita ba a kowane ɗakin gwaji ake samu ba, maganinta kuma yana da tsada. Idan mara lafiyar ya rasu, dangi za su ce ciwon da ya kawo shi ne ya yi ajalinsa, su yi haƙuri su ɗauki gawa, ba wanda zai tuna da silin da aka sauke a ɗakin da ke maƙwabtaka da nasa makonni uku baya. Gobara takan shiga labaran rediyo a ranar da ta faru, amma wannan ɓarna ba ta shiga lissafin kowa, shi ya sa idan kuɗin aiki suka yi ƙaranci matakan tare ƙura ake fara zaftarewa.

Ruwa ma yana da nasa haɗarin. Idan aka rufe wani sashe na watanni, ruwan da ya kwanta a bututu yakan ɗumama, sinadarin kilorin da ke cikinsa ya gushe, ƙwayar cutar Lejiyonela ta yaɗu, domin tana son ruwa mai ɗumin da ke tsakanin digiri 25 zuwa 45, wanda shi ne ɗumin bututun da rana ke duka a Kumasi. Ba shan ruwan ne ke kawo ciwon ba galibi, shaƙar feshinsa ne daga shawa ko famfo, kuma abin da yake haddasawa shi ne ciwon huhu mai tsanani. Birnin Gilasgo na Sikotilan ya ga irin wannan darasi ta wata fuskar, inda katafaren asibitin Sarauniya Elizabeth da aka buɗe a 2015 ya shiga binciken hukuma saboda cututtukan da aka danganta da tsarin ruwa da na iskar ginin, duk da cewa sabo ne fil.

Abin da ake nufi da shingen wucin gadi

Tamfol da aka rataya da igiya, iska tana kaɗa shi, ba shinge ba ne. Shingen da ake nufi yana tashi daga daɓe har zuwa ainihin dakalin siminti na sama, ba ya tsayawa a silin, domin sararin da ke tsakanin silin da dakali hanya ce buɗaɗɗiya da ƙura da hayaƙi ke bi su tsallaka ɗakuna. Ana liƙe gefunansa, ana toshe duk inda waya ko bututu ya ratsa. Idan aikin na yini ɗaya ko biyu ne, leda mai kauri wadda aka yi ta don kada ta kama wuta da sauri tana iya wadatarwa. Idan na makonni ne ko watanni, sai an yi bango na allon jifsam ko na faranti masu haɗuwa da juna, da ƙofa mai rufe kanta. A manyan ayyuka akan ƙara wani ɗan ƙaramin ɗaki a bakin ƙofar, inda ma'aikaci zai cire rigar aiki, ya goge takalmi, kafin ya fito barandar asibiti.

Shinge shi kaɗai ba ya isa, domin dole a buɗe ƙofa. Saboda haka ake saka na'ura mai zuƙo iska daga cikin wurin aikin, ta tace ta, ta fitar da ita waje nesa da tagogin marasa lafiya. Matatar da ake amfani da ita, wadda ake kira HEPA, tana kama kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyin da girmansu ya kai maikiron 0.3. Idan na'urar tana aiki, iskar da ke cikin shinge takan yi ƙasa da ta waje ƙarfi, sai ya zama duk lokacin da aka buɗe ƙofa iska ciki take shiga, ba fitowa take yi ba. Ko wanda bai yi karatun injiniya ba zai iya gane haka: ledar shingen za ta lotsa zuwa ɓangaren magina, kuma idan aka riƙe 'yar takarda mara nauyi a ƙasan ƙofa za a ga ana janta ciki. Idan ledar ta kumburo zuwa ɓangaren marasa lafiya, to ƙura tana fita.

A Amurka an tsara wata hanya ta auna haɗarin kamuwa da cuta kafin a taɓa ko da ƙusa ɗaya, wadda ake taƙaita sunanta da ICRA, sabon fasalinta na 2022 kuma ya kasa matakan kariya gida biyar. Tushenta tambaya biyu ne: wane irin aiki za a yi, kuma su wa ke kwance a kusa? Fentin ofishin akawu da fasa bango kusa da ɗakin bakwaini ba za su samu kariya iri ɗaya ba.

Sai dai a nan ne kwaikwayon tsarin waje ido rufe yake gazawa. An gina wancan tsari ne a kan asibitocin da tagoginsu a rufe suke, iskarsu daga na'ura take zuwa, lantarkinsu ba ya ɗaukewa. Yawancin ɗakunan kwanciya na tsofaffin asibitocinmu da iskar Allah suke numfashi, tagogi masu jerin gilasai a buɗe, fanka tana juyawa a sama. Idan aka ce a rufe tagogin saboda ƙurar gini, zafi zai dami marasa lafiya, kuma an kashe babbar kariyar da ake da ita daga yaɗuwar tarin tibi, wato sauyawar iska. Idan kuma aka dogara ga na'urar zuƙo iska, ranar da aka ɗauke wuta ba a haɗa ta da janareta ba, kariyar ta tafi cikin 'yan mintoci. A ganina, abin da ya fi dacewa da yanayinmu shi ne a fara da matakan da ba sa buƙatar lantarki: a ɗauke masu raunin garkuwa zuwa wani gini dabam kafin a fara rushe-rushe, a bar ɗaki ɗaya ko hawa ɗaya babu kowa tsakanin magina da gadaje, a jiƙa bango da tarkace kafin a taɓa su, a fitar da ɓaraguzai a rufe ta hanyar da ba ta ratsa ɗakunan jinya. A kuma lura da inda iska ke kaɗowa, domin a hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, da damina kuma daga kudu maso yamma, don haka tagar da ke cikin aminci a watan Yuni tana iya zama ita ce ke karɓar ƙura a Janairu. Na'urar tace iska ƙari ce a kan waɗannan, ba madadinsu ba.

Inda gobara ke samun ƙofa

Mazauna Kumasi ba sa buƙatar a ba su labarin gobara; ta Kejetia a watan Maris na 2023 da ta Adum a watan Maris na 2025 suna nan a zukatan 'yan kasuwa. Bambancin asibiti da kasuwa shi ne mai shago yana iya gudu, amma wanda aka yi wa tiyata jiya, ko jaririn da ke cikin kwalba, sai an ɗauke shi. Shi ya sa ake gina manyan asibitoci ɗaki-ɗaki da bango da ƙofofin da za su iya tsare wuta da hayaƙi na rabin sa'a ko sa'a guda ko fiye, ta yadda idan wuta ta tashi a wannan sashe za a tura gadaje zuwa sashen da ke gefe a hawa ɗaya, ba sai an sauko da kowa ta matakala ba. Aikin gyara yakan warware wannan tsari ba tare da kowa ya yi niyya ba: mai jan waya ya huda bango bai toshe ba, lebura ya tokare ƙofar tsare wuta da bulo domin ya ji daɗin wucewa da baro, an cire silin an bar sarari a sama. Hayaƙi, wanda shi ne ya fi harshen wuta kisa, yakan bi waɗannan kafofi ya riga kowa isa ɗakin da ke gaba.

A lokaci guda kuma aikin yana shigo da abubuwan da ke kunna wuta. Walda da yankan ƙarfe suna watsa tartsatsi, ana narka kwalta a kan rufi, ana jan wayoyin wucin gadi a ƙasa, ga fenti da man tsinka shi da katako da kwalaye a jibge. Ƙa'idar ƙungiyar kiyaye gobara ta Amurka, NFPA, ta ce a kawar da duk abin da ke iya kamawa ko a lulluɓe shi har tazarar mita 11 daga inda ake walda, a kuma bar mutum yana gadin wurin aƙalla sa'a guda bayan an kashe injin. Dalilin gadin shi ne tartsatsi yakan faɗa cikin tsaga ko bayan allo ya yi ta ci a hankali, sai magina sun tashi, dare ya yi, ma'aikatan jinya sun ragu, sannan wutar ta bayyana. Mai walda da ya ƙware a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ya san hannunsa, amma a can a fili yake aiki. A asibiti bai san abin da ke bayan bangon da yake jingina ƙarfe ba, shi ya sa ake buƙatar rubutaccen izini na kowace rana daga wanda ya san taswirar ginin.

Abin da ke bayan bangon sau da yawa bututun iskar oksijin ne. Oksijin ba ya kamawa da kansa, amma yana sa duk abin da ya kama ya ci da ƙarfi fiye da kima. A iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 ne, idan ya haura kashi 23 da rabi ana ɗaukar wurin a matsayin mai haɗari, domin zanen gado da katifa da gashin kai suna iya kamawa da ɗan tartsatsin da a waje ba zai yi komai ba, maiƙo ko giris kuma idan ya haɗu da oksijin mai matsi yana iya tashi da kansa. A watan Afrilun 2021 fashewar tukunyar oksijin a asibitin Ibn al-Khatib na Bagadaza ta hallaka mutum 82. A watan Mayun 2022 jarirai 11 sun rasu a gobarar ɗakin jarirai a garin Tiwawan na Senegal, garin da 'yan Tijjaniyya suka sani sarai, hukumomi suka danganta lamarin da haɗuwar wayoyin lantarki, har shugaban ƙasar na lokacin, Macky Sall, ya sauke ministan lafiya. Waɗannan ba gobarar wurin gini ba ne, amma sun nuna abin da ke faruwa idan wuta ta haɗu da oksijin da mutanen da ba sa iya tashi, kuma aikin gyara yana kusanto da abubuwan nan uku ga juna.

Inda kariyar biyu ke karo da juna

Nas mai kula da hana yaɗuwar cututtuka tana so a rufe ko'ina ruf. Jami'in kwana-kwana yana so kowace hanyar fita ta kasance a buɗe, a kuma gan ta daga nesa. Kowannensu yana da gaskiya, kuma idan aka bi ɗaya aka bar ɗaya, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Misalan suna da yawa. Shingen da aka kafa a baranda yakan rage faɗinta har gado ya kasa wucewa, ko ya ɓoye matakala ta biyu, ya bar ɗaki mai gadaje 30 da ƙofa ɗaya. Ledar kasuwa mai arha da allon katako suna tare ƙura daidai gwargwado, amma su kansu makamashi ne, ledar kuma idan ta kama tana ɗiga tana fitar da baƙin hayaƙi mai guba. Na'urar da ke jin hayaƙi ta buga ƙararrawa ba ta bambanta ƙura da hayaƙi, don haka magina sukan rufe ta da leda domin kada ta dame su. Idan ba a cire ledar kowace yamma ba, sashen zai kwana ba mai faɗakarwa. Ita ma na'urar zuƙo iska, idan wuta ta tashi a cikin shinge, tana jawo wa wutar sabuwar iska, saboda haka dole a san wanda zai kashe ta. Hatta man goge hannu da aka baza ko'ina tun zamanin korona, yawancinsa sinadarin alkohol ne mai kamawa, bai kamata a ajiye katon-katon ɗinsa kusa da inda ake walda ba. Tukunyar kashe gobara mai hoda tana aiki a wurin gini, amma a ɗakin masu ciwon numfashi da na'urori masu tsada ta fi dacewa a samu irin wadda ba ta barin gari.

Akwai kuma wata ɗabi'a tamu da ba a rubuta ta a littattafan waje ba: tsoron ɓarayi. Saboda siminti da wayoyin tagulla da aka ajiye, akan garƙame ƙofar baya da kwaɗo da dare, mai gadi ya tafi da makulli, tagogi kuma dama an yi musu ƙarfen kariya. Kayan ɗan kwangila sun tsira, amma an rufe hanyar da taswira ta nuna a matsayin mafita. Mafitar da take a garƙame daidai take da babu, kuma akwai makullan da ake buɗewa daga ciki da turi ɗaya ba tare da an iya buɗe su daga waje ba.

Wa ke da alhaki

Ba dokoki ne babu ba. Dokar da ta kafa hukumar kashe gobara ta Ghana ita ce ta 537 ta 1997, ƙa'idar L.I. 1724 ta 2003 kuma ta wajabta wa wuraren taruwar jama'a, har da asibitoci, mallakar takardar shaidar kariya daga gobara wadda ake sabuntawa duk shekara. Akwai kundin ƙa'idojin gini na ƙasa na 2018, akwai hukumar HeFRA da ke ba cibiyoyin lafiya lasisi a ƙarƙashin doka ta 829 ta 2011, ma'aikatar lafiya kuma ta fitar da manufar hana yaɗuwar cututtuka a asibitoci a 2015. Giɓin da ke akwai shi ne kowace takarda tana duban ginin a yadda yake ranar da aka zo dubawa, alhali wurin da ake gyara yana sauya kama duk mako.

Ɗan kwangila yana da uzurinsa, kuma bai kamata a raina shi ba. Idan takardar neman kwangila ba ta ambaci shinge mai jure wuta da na'urar tace iska da mai gadin walda a matsayin abubuwan da za a biya kuɗinsu dabam ba, wanda ya saka su a lissafinsa zai fi kowa tsada ya rasa aikin, wanda ya yi shiru a kansu ya samu. Hukumar asibiti kuma tana ganin layin marasa lafiya, kowane gado da aka bari babu kowa domin tazara yana nufin wani ya kwana a kan benci. Masu ba da gudummawa, ciki har da al'ummar zango da 'yan kasuwarta, sun fi son su ga tayil da fenti, domin su ne ake nunawa a hoto. Abin da ke daidaita waɗannan buƙatu shi ne mutum guda mai cikakken iko, wanda zai zagaya wurin kowace safiya tare da nas ɗin hana cututtuka da jami'in kiyaye gobara da shugaban magina, kuma yana iya cewa a dakata ba tare da ya jira izini daga sama ba. Duk ƙungiyar da za ta ba da kuɗin gyaran wani ɗaki tana da haƙƙin tambayar nawa aka ware wa wannan ɓangare, da sunan muƙamin wanda ke riƙe da shi.

Abin da ya shafi masu jinya, masu dubiya da leburori

Al'ummar zango tana ɓangarori biyu na shingen. A wannan gefe 'ya'yanta ne birkiloli da kafintoci da masu walda da masu kwasar tarkace. A wancan gefe iyayenta ne ke kwance, 'yan uwa suna jinya. Ga ma'aikaci, ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ko takunkumin likita na yau da kullum ba ya tare ƙurar siminti da ta dutse, wadda ke taruwa a huhu tsawon shekaru ta zama ciwon da ba ya warkewa. Abin da ake buƙata shi ne takunkumi irin N95 da ya zauna daram a fuska. Gine-ginen shekarun 1950 zuwa 1970 sau da yawa suna da asbesto a rufi ko silin ko naɗin bututu, wanda idan aka fasa shi zaruruwansa ke haddasa ciwon daji bayan shekara 20 ko fiye, don haka ba a taɓa shi sai an gwada, bai kuma kamata a kwashe ɓaraguzansa a kai unguwa a yi cikon fili ba. Ma'aikacin da zai fita salla ko cin abinci ya bi hanyar da aka ware masa, kada ya ratsa ɗakin marasa lafiya da rigar aiki, kada kuma ya kakkaɓe ta a baranda.

Dubiya ibada ce a wurinmu, kuma ba wanda zai hana ta, amma zuwan mutum goma a lokaci ɗaya cikin ɗakin da aka riga aka matse gadajensa yana ƙara cunkoso a hanyar da dama ta ragu. Ɗaga gefen shinge domin yanke hanya yana ɓata aikin yini guda. Shimfiɗa tabarma a gaban ƙofar fita ko a kan matakala, jera wayoyin hannu da abin dafa ruwa a kan soket ɗaya, kunna maganin sauro na hayaƙi ko turaren wuta kusa da mai shaƙar oksijin, duk abubuwa ne da ake yi da kyakkyawar niyya. Da dare masu jinya sukan fi ma'aikata yawa a ɗaki, saboda haka yana da amfani kowane mai jinya ya tambayi nas tun ranar farko ina ne mafita ta biyu, ya je ya gan ta da idonsa, ya kuma riƙe lambar kwana-kwana ta 192 ko ta gaggawa 112. Idan ya ga ƙura ta kwanta a kan kabad ɗin gefen gado, ko shinge ya yage, ko ya ji ƙauri, ya sanar da shugabar nas-nas ta ɗakin nan take.

Ranar da za a cire shinge

Ƙarshen aiki yana cikin lokutan da suka fi haɗari, domin kowa ya ƙagu, an kuma sa ranar yanke ƙyalle an gayyaci manyan baƙi. Tsarin da ya dace shi ne a share wurin da na'ura mai matata, a goge da danshi tun shingen yana tsaye, sannan a naɗe shi a hankali ta yadda fuskarsa mai ƙura za ta koma ciki, a sake gogewa. Duk allon silin ko na bango da ruwa ya jiƙa bai bushe cikin kwana biyu zuwa uku ba, cire shi ake yi, ba a rufe shi da fenti. Ana sakin kowane famfo da shawa ruwa ya gudana, a wanke bututu da tanki da magani. Ana bin kowane rami da aka huda a bangon tsare wuta a toshe shi da abin da ba ya ƙonewa, a cire ledar da ke kan na'urorin jin hayaƙi, a gwada ƙararrawa, a tabbatar kowane bakin bututun oksijin oksijin yake fitarwa kuma ba ya yoyo. Bayan haka sai a zagaya da ma'aikatan dare da na rana su ga sababbin ƙofofi da inda ake rufe iskar oksijin ta sashen. Waɗannan ayyuka suna cin kwanaki, wani lokaci makonni, kuma ya kamata a rubuta su cikin jadawalin kwangila tun farko, a kuma riƙe kason ƙarshe na kuɗin ɗan kwangila har sai nas ɗin hana cututtuka da jami'in kwana-kwana sun sa hannu.